Wata huɗu ina ciwon baya: in bari a murɗa mini ƙashin baya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 43, aikina na zama ne daga safe har yamma. Wata huɗu ke nan ƙuguna yana ciwo, wani lokaci har ya sauko ɗuwawu. Na sha magungunan kashe zafi har na gaji. Na je wurin wani kairofrakta, irin waɗanda ake gani a bidiyo suna murɗa mutum bayansa ya yi ƙas. Ya ɗauki hoton bayana, ya ce ƙasusuwa biyu sun goce, sai na je wurinsa sau talatin kafin su koma, kuma har wuyana zai gyara. Wannan magani ne na gaskiya, ko in haƙura?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya. Abu biyu ne a cikin tambayarka, kuma dole a raba su: akwai abin da mutumin zai yi maka da hannunsa, akwai labarin da ya ba ka game da bayanka. Na farkon yana iya rage maka ciwo, kaɗan zuwa matsakaici, na ɗan lokaci, daidai da yadda wasu hanyoyin da muke amfani da su a asibiti suke ragewa. Na biyun, wato ƙashi ya goce sai an mayar da shi, bincike bai goyi bayansa ba. Zuwa talatin ɗin nan kuwa daga labarin ya fito.

Kafin mu shiga wannan, ina da tambayoyin da zan yi maka da a gabana kake, domin akwai ciwon bayan da bai kamata kowa ya ɗora masa hannu ba. Fitsari yana riƙe maka, ko yana zubowa ba ka sani ba? Bayan gida fa? Tsakanin cinyoyinka da wurin da kake zama a kai ya sage, har idan ka taɓa ba ka ji sosai? Ƙafafunka suna rasa ƙarfi, takalmi yana fita daga ƙafarka, ko kana jan yatsu a ƙasa? Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, ka ajiye karatun nan ka tafi asibiti yau ɗin nan. Alama ce ta cewa an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin mutum da matsalar fitsari har ƙarshen rayuwarsa. Sai kuma zazzaɓi, gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ba ya lafawa ko a kwance, tarihin ciwon daji, faɗuwa ko haɗarin mota kafin ciwon ya fara. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, yana cinye shi a hankali, kuma a watannin farko ba ya bambanta da ciwon ƙugu na yau da kullum. Haka wanda ƙashinsa ya zaizaye saboda tsufa, ko wanda ya daɗe yana shan magani irin su prednisolone, ko mai shan maganin tsinka jini. Duk waɗannan ba a murɗa su. Akwai kuma wani ciwon kumburin gaɓɓan baya da yakan fara kafin shekara 45: mai shi yana tashi da safe bayansa a sandare fiye da rabin awa, idan ya motsa ya ji sauƙi, idan ya huta ya ƙaru. Shi ma maganinsa daban ne.

Idan babu ko ɗaya, to kana cikin babban rukuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya nuna wani ƙashi ko wata cuta guda a ce ga musabbabinsa. A shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da shi a duniya, kuma babu wata lalura da ta fi shi hana mutane aiki. Inda ciwo ya yi yawa haka, likita kuma ba ya iya nuna wuri guda da yatsa, duk wanda ya zo da bayani mai sauƙin fahimta zai samu kasuwa.

Ga abin da ake yi a kan gadon. Za a kwantar da kai a gefe ɗaya, a lanƙwasa ƙafar da ke sama a saƙala ta bayan gwiwar ta ƙasa. Mai aikin zai dafa kafaɗarka da hannu ɗaya yana tura ta baya, ya ɗora ɗayan hannun ko damtsensa a kan ƙugunka yana jawo shi gaba, har gadon bayanka ya murɗe ya kai iyakar da yake tsayawa da kansa. Zai ce ka ja numfashi ka saki. Daidai lokacin da ka saki jiki sai ya yi wata gajeriyar turawa mai sauri, wadda ba ta kai ƙiftawar ido ba. Sai ka ji ƙas. Mutane da yawa a nan suke yin ajiyar zuciya, wasu har dariya take kuɓuce musu.

Ƙarar ba ta ƙashi ba ce. Ƙasusuwan ƙugu guda biyar ne, kowanne yana haɗuwa da na kusa da shi ta wasu ƙananan gaɓɓai biyu a baya, kuma kowace gaɓa tana cikin wata 'yar jaka mai ruwa mai santsi. Idan aka buɗe gaɓar da sauri, matsin da ke cikin ruwan yakan faɗi, iskar da ke narke a ciki ta fito ta yi kumfa. Ita ce ƙarar. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun saka yatsan mutum a na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, suna jan sa, suka ɗauki hoton kumfar tana samuwa daidai lokacin da ƙarar ta fita. Shi ya sa idan ka ja yatsanka ya yi ƙara, ba zai sake yi ba sai bayan kamar minti ashirin. Da ƙashi ne ya koma mazauninsa, ai ba zai sake yin ƙara ba bayan minti ashirin ɗin. Ƙasusuwan baya a ɗaure suke tamau da igiyoyin nama masu ƙarfin gaske. Abin da ke gotar da su haɗarin mota ne ko faɗowa daga sama, ba zaman kujera ba. Akwai lalurar da ƙashi ɗaya yake zamewa gaba a kan na ƙasa da shi, muna ganinta a hoto, amma ita ma hannu ba ya mayar da ita.

To me ya sa mutum yake jin sauƙi? Domin turawar tana taɓa jijiyoyin ji da ke cikin gaɓa da tsoka, saƙon da suke aikawa laka da ƙwaƙwalwa yana rage kaifin zafin na ɗan lokaci, tsokar da ta ƙanƙame ta ɗan saki. Ga kuma tasirin a taɓa ka, a saurare ka, a ce maka za ka warke. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Likitoci da yawa ba sa ba majiyyaci ko minti biyar, ba sa ma ɗora masa hannu, sai su rubuta magani. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba: mutum yakan nemi magani ne ranar da ciwon ya fi tsanani, ciwon baya kuwa hawa da sauka yake yi, don haka duk abin da aka yi maka a ranar zai samu yabon sauƙin da dama yana tafe.

Labarin gocewar ƙashi yana da asali, kuma sanin asalin zai taimaka maka. Wani mutum ne mai suna Daniel David Palmer ya ƙirƙiro wannan sana'a a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, a 1895. Ba likita ba ne, kafin nan da abin da ake kira maganin maganaɗisu yake aiki. Ya ce ya danna bayan wani mai kula da ginin da yake aiki, Harvey Lillard, wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo. Daga nan ya gina ra'ayin cewa kusan dukkan cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, wai gocewar tana toshe wani ƙarfi na rai da ke bi ta jijiyoyi. Ya buɗe makaranta a 1897, an ɗaure shi a 1906 saboda yin aikin likita ba lasisi, ɗansa B. J. Palmer kuma ya mayar da abin babbar harka. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙe su shekara da shekaru, har ta kafa kwamiti a 1963 don ganin bayansu, sai a 1987 wata kotun tarayya a Chicago ta yanke hukunci cewa ƙungiyar ta keta dokar gasar kasuwanci. Hukuncin bai ce maganin yana aiki ba, cewa ya yi ba a hana mutane sana'a ta wannan hanyar. Yau sana'ar tana da doka da rajista a ƙasashe da dama. Birtaniya ta yi tata dokar a 1994. Abin lura shi ne, majalisar da ke yi musu rajista a Birtaniyar ita da kanta ta fito a 2010 ta ce babu hujjar bincike da ke nuna wannan gocewar tana haddasa cuta.

Saboda haka gida biyu ne a cikin sana'ar. Akwai waɗanda suka yi karatu mai zurfi, suka tsaya a kan ciwon baya da gaɓɓai, suna haɗa aikin hannu da motsa jiki, suna tura majiyyaci asibiti idan suka ga abin da ya fi ƙarfinsu. Aikinsu bai da nisa da na likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓɓai da tsoka ta hanyar motsa jiki da aikin hannu. Akwai kuma waɗanda har yanzu suke kan koyarwar Palmer, suna cewa suna maganin asma, hawan jini, kukan jarirai da rashin haihuwa ta hanyar danna baya. Babu hujja a kan ko ɗaya. Wanda ka je wurinsa, daga abin da ka faɗa, ya fi kama da gida na biyu.

Yanzu ga abin da gwaji ya nuna. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 26 a kan sabon ciwon baya, wanda bai wuce mako shida ba. Murɗar ta rage zafi da kusan maki 10 a ma'aunin maki 100. Sauƙi ne na gaske, amma ƙarami. Wanda zafinsa yake 60 ya koma 50. Naka ciwon ya wuce wata uku, don haka nazarin mujallar BMJ na 2019 ya fi shafar ka: gwaje-gwaje 47, mutum 9,211 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Sakamakon shi ne murɗar ta yi kunnen doki da sauran hanyoyin da ake ba da shawara a kansu, kamar motsa jiki. Ba ta fi su rage zafi ba, ba su fi ta ba. A kan irin wannan hujja Kwalejin Likitocin Amurka ta saka ta a 2017 cikin abubuwan da za a iya gwadawa kafin magunguna, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka ta a jagorarta ta Disambar 2023. Wadda ta fi burge ni ita ce maganar NICE, hukumar da ke fitar da jagorar magani a Ingila, a 2016: a yi aikin hannu, amma a matsayin ɓangare na tsarin da ya ƙunshi motsa jiki, ba shi kaɗai ba. Nan nake tsaye ni ma.

Hoton da aka ɗauka maka shi ya fi damuna. Babu ɗan Adam da ƙashin bayansa yake miƙe kamar an ja layi. Ɗan karkatar da ka yi a tsaye lokacin ɗaukar, ko tsokar da ciwo ya ƙanƙame, ya isa ya sa hoto ya nuna lanƙwasa. A 2015 an tattara hotunan bayan mutane sama da 3,000 da ba sa jin ciwon komai. A cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 faifan da ke tsakanin ƙasusuwansu ya nuna alamar lalacewa, kashi 30 kuma faifan ya ɗan bullo. A 'yan shekara 80, alamar lalacewar ta kai kashi 96. Lafiyarsu ƙalau. Yawancin abin da ake zana wa da'ira da jan biro a hoton mai shekara 43 furfura ce ta cikin jiki, tana zuwa da shekaru, ba ta nufin cuta. Ƙungiyar kairofraktocin Amurka da kanta ta ba mambobinta shawara a 2017 cewa kada su ɗauki hoton sabon ciwon baya a mako shida na farko idan babu alamar haɗari, kuma kada su riƙa maimaita hoto don wai a ga ci gaba. Idan ya ce bayan zuwa goma za a sake hoto a ga ko ƙashin ya koma, ka ƙi. Tururin na'urar ɗaukar hoton (radiation) kawai za ka ƙara wa jikinka.

Illar labarin ta fi illar murɗar. Wanda aka gaya wa ƙashinsa ya goce, kana ganinsa za ka gane. Idan biro ya faɗi masa, sai ya tsaya ya dube shi, ya dafa tebur, ya sauka da gwiwa bayansa a sandare, numfashi a riƙe. Ya daina ɗaukar ɗansa. Ya daina tafiya mai nisa. Ko atishawa zai yi sai ya riƙe ƙugu. Tsokar da ba a aiki da ita tana yin rauni, tsoro yana ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi, duk ƙaramin motsi ya zama shaida a wurinsa cewa abin ya sake gocewa, sai ya koma a mayar. An daɗe da gano cewa tsoron motsi da tsammanin ba za a warke ba suna cikin manyan abubuwan da ke sa ciwon baya ya daɗe. Wanda ya sayar maka da zuwa talatin a rana ɗaya, ko da niyyarsa mai kyau ce, ya koya maka cewa lafiyar bayanka tana hannunsa.

Ita murɗar ƙugu, ga wanda ba shi da alamomin da na lissafa, haɗarinta kaɗan ne. Kusan rabin mutane sukan ji tsami ko ƙaruwar ciwo na kwana ɗaya ko biyu, sai ya wuce. Munanan illoli suna faruwa amma da wuya ƙwarai.

Wuya daban ne. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da suke bi ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya su kai jini bayan ƙwaƙwalwa, kuma suna lanƙwasa sosai a wajen ƙashi na farko da na biyu, daidai inda juyawar kai ta fi ƙarfi. Idan bangon ɗayansu ya tsage, jini yana iya daskarewa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko da mutum matashi ne. Masana suna jayayya a kan ko murɗar ce take tsaga jijiyar. Wani babban bincike a lardin Ontario na Kanada a 2008 ya gano cewa masu irin wannan shanyewar sun je wurin likitan asibiti kafin ta same su kamar yadda suka je wurin kairofrakta, wato mai yiwuwa tsagewar ce ta fara, ta kawo ciwon wuya da ciwon kai, mutum ya tafi neman magani. Duk da haka ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a riƙa sanar da majiyyaci wannan alaƙa kafin a murɗa masa wuya. Kai lissafinka mai sauƙi ne: wuyanka ba ya ciwo. Babu ribar da za ka samu, don haka ko ƙanƙanin haɗari ya yi yawa. Ka ce masa ya bar wuyan.

Idan kana son gwadawa, ga yadda zan so ka yi. Ka fara ganin likita ya duba ka sosai, ya gwada ƙarfin ƙafafunka da jinsu, ya ɗaga ƙafarka a miƙe ya ga ko zafi zai harba ƙasan gwiwa. Sannan ka tabbatar mai aikin yana da rajista da hukumar da ke kula da sana'ar a inda kake; inda babu irin wannan hukuma, kowa yana iya kallon bidiyo ya rataya allo, kuma gara ka nemi likitan fisiyo, domin da yawansu sun koyi wannan aikin hannun. Kada ka biya kuɗin zuwa da yawa a dunƙule. A ganina zuwa huɗu zuwa shida cikin mako uku ko huɗu sun isa a gane. Kafin ka fara ka zaɓi abin da za ka auna da shi: minti nawa kake iya zama kafin ciwon ya tashe ka, ko kana iya sa safa ba ka dafa bango ba. Sauƙin awa biyu bayan an sauko daga gado ba shi ne ma'auni ba. Idan wata ya cika babu canji a waɗannan, ƙarin zuwa ashirin ba zai kawo shi ba. Ka kuma lura ko yana ba ka aikin da za ka yi a gida. Wanda yake son ka warke yana rage yawan zuwanka ne a hankali.

Sauƙin da ka samu, ka kashe shi a kan motsi. Babu wani nau'in motsa jiki da aka tabbatar ya fi saura nesa ba kusa ba, don haka ka ɗauki wanda za ka iya ɗorewa a kai. Tafiya a ƙasa ma ta isa farawa. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2024, ya bi mutum 701 da suka warke daga ciwon baya: waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya da ɗan ilimantarwa sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, sauran kuwa kwana 112. A wurin aiki ka riƙa tashi duk rabin awa ko makamancin haka, ko da minti biyu ne. Ɗan ciwo lokacin motsa jiki ba alamar ɓarna ba ce, muddin ya lafa zuwa washegari. Ka duba barcinka ma, domin wanda ba ya samun barci zafi ya fi kama shi.

Magungunan da ka ce ka gaji da su, ban san waɗanne ba ne, amma ka kai wa likita kwalayensu ya gani. Farasitamol shi kaɗai ba ya yi wa ciwon baya abin kirki. Irin su ibuprofen da diclofenac suna ɗan taimakawa, sai dai shan su wata huɗu a jere yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini, don haka ya dace a auna jininka a duba ƙodar. Tramadol da danginsa kuwa ka nisance su. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce kada a yi amfani da su a daɗaɗɗen ciwon ƙugu, haka ma bel ɗin ɗaure ƙugu da na'urar jan baya. Idan ciwon da ke tsayawa a ɗuwawu ya fara wuce gwiwa, ko ƙafar ta fara sagewa, ka dakatar da murɗar ka koma a sake duba ka.